Motar da Ta Huta Shekara Bakwai

Ranar Alhamis ce, kuma Insfekta Mas'ud bai ko kai kofin koko baki ba sai ga Kofur Uwais ya faɗo ofishinsa a Bukkuyum ba sallama.

"Yallaɓai, gawa a cikin mota. Hanyar Tungar Malam, gaba da Nasarawa Burkullu. 'Yan sa-kai sun riga mu, sun kama wani Bafulatani."

"Yana da rai?"

"Lokacin da aka bugo waya dai yana da shi."

Mas'ud ya ajiye kofin. Dama shi mutum ne da ba ya iya zama, har abokan aiki kan ce kujerarsa ce kaɗai kayan gwamnati da ba za ta taɓa tsufa ba. Amma yau da dalili. A shekarun nan, in aka ce 'yan sa-kai sun riƙe mutum, ɗan sandan da ya tsaya neman hularsa gawa biyu zai tarar.

Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo, hanyar ƙasa duk ruwa ya cinye ta. Suka tarar da motar a tsakiyar hanya, tsohuwar Golf fara, fes da ita, bonet a buɗe. A kujerar baya wani dattijo ne kwance, an rufe shi da bargon saƙi irin na makiyaya, jini ya bushe a ƙeyarsa.

Can gindin wani marke an ɗaure wani dogon mutum da igiyar shanu, leɓensa a fashe. Samari sun zagaye shi da bindigogin toka da adduna. Shugabansu, wani gajere mai layu har wuya da suke kira Kwamanda, ya taro Insfekta.

"Mamacin Barau na, direban marigayi Malam Abubakar," in ji shi. "Ga bargon mutumen ga bisa gawa, ga sawun shanunai dut kewaye da mota, ga rugarsu can. Mi yar rage?"

"Aikina ya rage. Ku kwance shi."

Kwamanda ya dubi yaransa, ya dubi motar 'yan sanda, ya ɗaga kafaɗa.

"Ku tahi da shi in kuna so. Amma da an ruhe Barau bayan la'asar, ruga za mu. Mun gaji."

Mas'ud ya dubi inda ya nuna. Bukkoki ne 'yan kaɗan a bayan gonar dawa, hayaƙin girki na tashi, wata mata tsaye da goyo tana kallonsu daga nesa. Shi da kofur da direba ba za su tare waɗannan samari ba, ya sani, su ma sun sani.

Ya juya wajen motar. Makulli na jiki. Ya murza, ko ƙyas, batir ya mutu murus. Wanda ya tuƙo ta ya yi ta murza makulli ke nan har ya shanye wutar. Ya leƙa ƙarƙashin bonet, ya ga wasu siraran wayoyi, ja da baƙa, an murɗa su a kan batirin an tsinke da hannu. Waɗannan ba wayoyin mota ba ne.

Ya ɓalle marfin robar da ke gefen injin, ya zura yatsa, sai ga bel ɗin taimin ya biyo hannunsa a tsinke. Ita ce ɗamarar nan mai haƙora da ke sa sassan injin juyawa tare. In ta tsinke, mota ta mutu nan take, ko wane ne a sitiyari. Wannan kuwa duk ta tsattsage, haƙoranta na zubewa kamar busasshen ƙanzo.

"Ka san wannan ciwon, yallaɓai?" in ji Kofur Uwais.

"Na san shi. Tawa ta yi min haka a hanyar Anka, da surukaina a ciki. Har yau in sun gan ni sai sun tambayi lafiyar mota kafin tawa."

Ya ninke bel ɗin ya sa a aljihu.

A bayan motar 'yan sanda aka ba Bafulatanin ruwa. Ya ce sunansa Sahabi. Idonsa ba ya kan Insfekta, yana can wajen bukkoki.

"Bargon naka ne?"

"Nau na."

"Me ya kai shi kan gawa?"

"Ba gawa ba ta lokacin. Na hito da shanu, rana ta ɗan taso, nig ga mota, nij ji nishi. Jikinai na rawa don sanyi, shi na nir ruhe shi. Nib ba shi ruwa ga butata."

"Ya yi magana?"

"Nic ce, Baba, wa yay yi maka haka? Yac ce, 'Bari, yaro na.' Can kuma yac ce, 'Na hwaɗa mai robar ta mutu.' Ni ban san wace roba ba."

"Sai ka yi me?"

"Nib bar shanu, nit tahi neman mai babur da za ya kai shi asibiti. Waɗanga nig gamu da su. Ko da munka komo ya cika."

"Ka iya tuƙi?"

Sahabi ya dube shi karon farko.

"Ko keke ban hau ba, ranka ya daɗe. Ɗiyana na can. Ka bar ni in gaya masu su tashi."

"In ka sauka daga motar nan ba za ka kai can ba."

Mas'ud ya yi tsaki. Da mutumin nan ya kora shanunsa ya wuce, da yanzu yana inuwa yana shan nono. Ya sa direba ya kai gawar asibiti a duba, ya kuma ajiye Sahabi a ofis, shi da kofur suka ari babur suka nufi Tungar Malam.

Gidan marigayi Malam Abubakar ba ya ɓata. Shi ne mai faffaɗan zaure da alluna jere a bango, da masallaci a gefe. A tsakar gida akwai rumfar kwano, babu komai a ciki sai alamar tayu huɗu da suka daɗe a wuri ɗaya. Simintin ƙasan rumfar a jiƙe yake, alhali kwana biyu ba a yi ruwa ba.

Babban ɗan marigayin, Abdulbasit, shi ne na'ibin limamin garin. Saurayi ne mai tsabta, mai gyararren gemu, idanunsa jajur. Ya karɓe su a tsaye, carbi na gudu a hannunsa.

"Motar wa ce?"

"Ta mahaihina ta. Tun rasuwatai tana nan, shekara bakwai, sai watan jiya anka raba gado taz zo gare ni. Baba Barau ad da makulli."

"Wa ya fita da ita?"

"Shi. Da asuba yac ce za ya kai ta Gummi wurin bakanike. Ni ina ɗaki, ƙarar hitatta ɗai nij ji."

"Wa ya wanke rumfa?"

"Mata na. Kullum sai sun wanke."

Mas'ud ya dubi kashin kaji da ya bushe a sauran tsakar gidan.

Ana haka sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Wani mutum mai rigar aiki da baƙin mai ya yi wa zane ya shigo da jakar kayan aiki, sabon bel rataye a wuyansa, yana fara'a abinsa.

"Salamu alaikum! Ina Baba Barau? Ga Mu'azu daga Gummi, ban saɓa alkawari ba."

Da aka gaya masa Barau ya rasu, jakar ta faɗi daga hannunsa, ya yi ta salati.

"Shi ya ce ka zo nan?" in ji Mas'ud.

"Shi da bakinai, yallaɓai. Nic ce ya kawo min ita gareji, yac ce ko ƙohwar gida ba ya hita da ita. Ya zuba mai, ya canza baƙin mai, ya ba tayu iska, komi ya yi, amma yac ce ba a tada ta sai an sa sabon bel, nan cikin rumhwa. Munka aje yau Alhamis."

"Tsoro na irin na tsohwahhi!" Abdulbasit ne ya yi maganar, da ƙarfin da ya ba kowa mamaki. "Ku dubi mita, motag ga ba ta yi wata tahiya ba. Hutawa tay yi. Abin da ba a yi aiki da shi ba, ƙaƙa za ya lalace?"

"Ni ma haka na ɗauka da, Malam," in ji Mas'ud a hankali. "Mita tafiya take ƙirgawa, ba ta ƙirga shekaru. Roba kuwa ko tana kwance tsufa take yi. In ta kai shekara biyar, ta yi tafiya ko ba ta yi ba, canza ta ake yi."

Abdulbasit ya girgiza kai. Mas'ud ya lura da shi sosai. Wannan ba amsar mai makoki ba ce, amsar mutum ce da ya fara wannan gardama tun kafin yau, kuma har yanzu yana son ya ci.

Ya nemi izinin ganin uwargidan. Inna Asabe, mahaifiyar Abdulbasit, tana zaune bakin gadonta, mata masu gaisuwa suka matsa suka ba da wuri. Mas'ud ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abucinai, ɗana. Barau tun ina amarya shika gidan ga."

"Kin ji wani motsi da asuba?"

"Ban ji komi ba. Barci nika yi."

"Mai tashi sallar dare irinki, Inna?"

Ta sunkuyar da kai. Mas'ud ya bi ƙasa da kallo. A ƙarƙashin gadon, bayan jeren kwanoni, akwai wani baƙin akwati da aka kife masa faifai, kunnuwansa na dalma biyu sun leƙo.

"Wancan ba batirin mota ba ne?"

Ta dubi akwatin.

"Barau yak kawo shi, tun bara. Da can kowace Juma'a shina tada mota ta ɗan yi ɗumi. Ran da yag ga robar ta tsage, sai yac cire shi yac ce in ɓoye, kada wani ya tada ta."

"Wa ya san yana nan?"

"Ni da shi ɗai."

"To da Barau ne zai fita da mota, Inna, nan zai fara zuwa."

Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuska. Kukan da ta fara yanzu daban yake da wanda suka tarar tana yi, kuma Mas'ud bai ji daɗin kansa ba da ya miƙe.

Ya fito ƙofar gida yana kai da kawo. Rana ta karkata. Babura sun fara taruwa a gindin durumin kasuwa, wani yana zuba fetur a galan, ba a tankin babur ba. Batirin da ke cikin motar daga ina ya fito? A ƙauyen da babu wutar lantarki, batir ba abin da ke yawo ba ne.

Sai ya ji kiran sallar azahar. Ya tsaya cak. Ga lasifika biyu manya a kan rufin masallaci, amma ladan yana tsaye a kan benci, hannu a kunne, yana ta fama da maƙogwaronsa.

Yana saukowa Mas'ud ya tare shi. Tsoho ne mai ƙorafi, da ma neman wanda zai gaya wa yake yi.

"Tun asuba nika wagga wahala, yallaɓai. Na buɗe ɗakin lasihika, ba batir, wayoyi na reto. Rabin gari sun makara salla, kuma ni za a zarga."

"An fasa ƙofar?"

"A kulle nis same ta."

"Makulli nawa ne?"

"Biyu. Guda gare ni, guda ga na'ibi."

"Wa ya ja sallar asuba?"

"Liman na kwance ba lahiya, na'ibi ya kamata ya ja. Munka jira shi har gari na son wayewa, ni dai nij ja da wagga murya."

Mas'ud ya juya wajen kofur.

"Hau babur. Ka kwanto min batirin da ke cikin motar nan da wayoyinsa. Kada ka tsaya gaisawa da kowa."

Bayan la'asar aka dawo da gawar daga asibiti, likita ya ce ƙeyarsa ce ta bugu da wani abu mai kaifin gefe, jini kuma ya daɗe yana zuba. Direba ya dawo da Sahabi kamar yadda Insfekta ya umarta, ya bar shi a cikin mota, ƙofa a kulle. Aka yi wa Barau wanka da sutura, aka shimfiɗe shi a filin masallaci. Garin kaf ya fito. Samarin sa-kai suka jingine bindigogi a bango suka shiga sahu, baburansu na jiran su.

Tunda liman ba lafiya, Abdulbasit ne ya fito zai ja sallar. Kofur bai dawo ba. Mas'ud yana ta duban hanya. Abdulbasit ya gyara tsayuwa a gaban makarar, ya ce a daidaita sahu.

Sai ga babur. Mas'ud ya sauke batirin da kansa, ya ratsa sahu da shi, ya dire shi a gaban ladan.

"Baba, ka san wannan?"

"Batirinmu na! Ga wayoyin da niɗ ɗaura da hannuna. Ina kas samo shi?"

"A cikin motar da Barau ya mutu."

Mas'ud ya juya ga Abdulbasit, bai ɗaga murya ba.

"Malam, kafin ka tsaya a kansa. Makullin ɗakin lasifika biyu ne, ɗaya na wurinka. Ba ka zo sallar asuba ba. Batirin motar na ɗakin Inna, Barau ya san da shi, kai ba ka sani ba. Kuma mutumin da ya kira bakanike har gida ba zai hau hanya da wannan ba." Ya zaro tsinkakken bel ɗin ya ɗaga.

"Ƙazahi na," in ji Abdulbasit. Muryarsa ta yi siriri. "Ni ina ɗaki."

"To bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Lokacin da ka bar shi a hanya, bai riga ya mutu ba."

Carbin ya tsaya.

"Ya kai har hantsi. Da ka shigo gari ka tashi mai babur ɗaya, da yanzu yana asibiti yana yi maka faɗa. Wancan bawan Allah da kuka bari aka ɗaure, shi ya rufe shi, shi ya ba shi ruwa. Ya tambaye shi wa ya yi masa haka. Ka san abin da ya ce? Ya ce, 'Bari, yaro na.'"

Abdulbasit ya saki carbin. Ya zube a gaban makarar, hularsa ta faɗi gefe.

"Na ɗauka ya cika," in ji shi. "Wallahi na ɗauka ya cika. Na kira shi bai amsa ba."

"Faɗa wa jama'a. Da ƙarfi."

Ya faɗa, yana shessheƙa. Yau akwai taron malamai a Gummi, irin wanda mahaifinsa ke zuwa duk shekara a cikin wannan mota. Ya so a gan shi ya sauko daga cikinta, a san wanda ya gaji Malam. Barau ya ce ya haƙura da bana, ko ya hau babur, bakanike na zuwa yau ɗin. Shi kuwa ya ga raini ne, direba ya hana shi abinsa. Kafin asuba ya ɗauko batirin masallaci ya ɗaura, da niyyar ya mayar kafin azahar. Barau ya fito alwala ya gan shi. Suka yi ta jan makulli, ya ture shi, tsohon ya faɗi da baya a kan gefen simintin rumfa.

"Asibiti nin nuhwa da shi, Allah shi na shaidata. Muna cikin tahiya tam mutu. Na murza, na murza, na murza. Shina baya shina nishi, can nij ji ya yi shiru. Tsoro yak kama ni, nib biyo gonaki nik komo gida, niw wanke rumhwa."

"Da ka ji an kama wani fa?"

Abdulbasit bai amsa ba.

"Da ka ga ana zuba fetur a galan fa?"

Nan ma shiru. Wannan shirun ya fi duk abin da ya faɗa nauyi, kuma kowa a filin ya ji shi.

Kofur Uwais ya sa masa ankwa. Ladan ne ya matsa gaba ya ja sallar da dusasshiyar muryarsa. Da aka ɗauki makara, samarin sa-kai suka bi bayanta, kowa na duban ƙasa. Kwamanda ya wuce ta gaban motar 'yan sanda ya ce, "To, Allah shi kyauta," bai ƙara ko kalma ba.

Mas'ud ya buɗe ƙofa, Sahabi ya sauko, aka shigar da Abdulbasit inda ya tashi.

"Ka tafi gida, Sahabi. Ba mai taɓa ku."

Kofur ya matso, ya rage murya.

"Yallaɓai, da na je kwanto batir na leƙa rugar. Ba kowa. Tukunya na kan murhu, tuwo ya ƙone. Sawunsu ya yi yamma, wajen gulbi."

Sahabi ya ji. Bai yi mamaki ba, ya gyaɗa kai kawai, ya dubi rana don ya ga sauran hasken da ya rage masa.

"Zan sa a bi su a dawo da su," in ji Mas'ud. "Gaskiya ta fito, kowa ya ji da kunnensa."

"Yau ka gano shi, ranka ya daɗe, Allah shi biya ka," in ji Sahabi. "Gobe wata mota za ta mutu kusa da mu, kai kuma kana Bukkuyum."

Sahabi ya ratsa gonar gero ya yi yamma da sauri, ba takalmi. Insfekta ya tsaya har ya daina ganin motsin karan, sannan ya shiga mota ya ce wa direba su tafi.